Tada CP/M 2.2 a kan bod ɗin Z80, yadda aikin ke tafiya

Asabar, 4 ga Janairu 2025

To bod ɗin kwamfutar da nake haɗawa dai ya haɗu kuma monita, wato ƙaramin shirin da ke cikin ROM, na aiki, ta taminal ina iya karanta memori, in rubuta, in yi tsalle zuwa duk adireshin da na ga dama. Abin da ke kai ba wani yawa ne da shi ba: furosesa Z80 irin na CMOS, kiristal 7.3728 MHz saboda in ka raba shi da 64 zai baka 115200 cif-cif na SIO, wato cif ɗin da ke magana da taminal, ba sai an nemo wani daban ba, RAM 64K, EEPROM 8K zaune a 0000h (h na nufin lambar heks ce), sai fitilu a layukan adireshi da guda ɗaya a ƙafar HALT. Faifai kuma ba na gaske bane, wani ƙaramin cif ne ke riƙe da katin SD yana amsa wa Z80 ta ƴan fot, ka bashi tirak da sakta ya miƙo maka bayit 128.

Abin da nake so shine CP/M 2.2, tsohon tsarin sarrafa kwamfuta wanda Digital Research na Gary Kildall suka fitar, ya tashi a tsarinsa na asali wato na faifan inci 8 irin IBM 3740. Tirak 77, kowane tirak sakta 26, kowace sakta bayit 128, gaba ɗaya bayit 256,256. Tirak biyun farko na tsarin ne shi kaɗai, sakta ta farko loda ce mai ɗauko sauran, 44 na biye CCP (mai karɓar umarni) da BDOS (mai kula da fayiloli), guda 7 da suka rage na BIOS (mai magana da kayan bod ɗin). A mashin mai 64K CCP zai zauna a E400h, BDOS a EC00h, BIOS a FA00h. Akwai hanyar sauƙi kam, ka zuba komai a ROM ka kwafe shi sama da umarnin LDIR ka huta, da yawa haka suke yi kuma yana musu aiki, amma ni so nake in ga ya bi ta hanyar da aka gina shi ya bi, tun daga saktar farko.

Na rubuta loda da BIOS, na haɗa kwafin faifan, na danna B a monita don ta tada shi. Shiru. Fitilar HALT bata kama ba, fitilun adireshi kuma sai ƙyalƙyal suke ba tsayawa, kenan Z80 na gudu, kawai ba inda na aike shi ba.

Lahadi, 5 ga Janairu

Na danna risat ba tare da na cire wuta ba don RAM ya riƙe abin da ke cikinsa, sannan na zubo memori daga 2000h zuwa sama. Ko'ina 39 00 39 00 39 00, shafi bayan shafi har ƙarshe.

Wannan alama ce da duk wanda ya daɗe da Z80 zai gane ta. Bayit FF a wajen Z80 umarnin RST 38h ne, ya tura adireshin dawowa a sitak, wato inda Z80 ke tara irin waɗannan adireshi a RAM, ya tafi 0038h. To in a 0038h ɗin ma FF ya tarar sai ya sake tura 0039h ya sake komawa 0038h, ya sake, ya sake, sitak na ta gangarowa yana cinye memori har ya shafe komai da 39 00. Kuma dama gwajin RAM na monita FF yake bari ko'ina in ya gama.

Dalilin da yasa ya faɗa cikin FF ɗin: CP/M dole sai RAM yake so a shafin farko na memori, don a nan yake ajiye tsallen 0000h da na 0005h da bafar 0080h, shi kuma Z80 in an yi risat daga 0000h yake farawa, saboda haka ROM ne a wajen da farko sannan a kashe shi. Umarnin OUT mai kashe ROM ɗin a cikin ROM yake zaune, yana gama aiwatuwa umarni na gaba daga RAM za a ɗauko shi, kamar a janye wa mutum tsani yana tsakiyar hawa. Gyaran bayit biyar ne, D3 da lambar fot ɗin, sai C3 80 00. Monita ta rubuta su a 8000h ta yi tsalle can, daga can a kashe ROM a wuce 0080h. A bod ɗin nan rubutu na ratsawa zuwa RAM ɗin da ke ƙarƙashin ROM, don haka ana iya sauke saktar loda a 0080h tun ROM na kunne.

Asabar, 11 ga Janairu

Har yanzu shiru amma 39 00 ɗin ya canza wajen farawa, wanda ke nufin an ɗan yi gaba. Na ƙara wa monita umarnin karanta sakta guda ta sauke a 9000h don in gani da idona abin da cif ɗin ke miƙowa. Tirak 0 sakta 1, ga abin da ya fito:

C3 5C E7 C3 58 E7 7F 00 20 20 20 20

sai a ƙasa kaɗan rubutu ɓaro-ɓaro, COPYRIGHT (C) 1979, DIGITAL RESEARCH. Wannan ai ba loda bace, farkon CCP ne, abin da ya kamata ya zama a sakta 2. Z80 ya ga C3 5C E7 ya yi tsalle zuwa E75Ch inda babu komai tukuna.

A faifan IBM 3740 tirak daga 0 ake ƙirga shi amma sakta daga 1. Lissafin da ke cikin cif ɗin tirak sau 26 ne a tara da sakta a ninka da 128, ba a cire ɗaya daga saktar ba, shi yasa komai ya goce da sakta guda. An gyara. Na kuma sa cif ɗin ya riƙa mayar da kuskure in aka nemi sakta 0 ko wadda ta haura 26, maimakon ya miƙo duk abin da ya tarar a wajen.

Lahadi, 12 ga Janairu

Alhamdulillah, saƙon farko na BIOS ya fito a sikirin! Loda ta ɗauko sakta 51, ta tsallaka daga tirak 0 zuwa tirak 1 lafiya lau, ta yi tsalle FA00h. Layi na gaba kuma:

Bdos Err On A: Bad Sector

Wlh ko wannan ɗin ma daɗi ya min, don BDOS ne ke magana da bakinsa, kenan CCP ya tashi ya kira 0005h, BDOS ya kira CONOUT nawa mai buga harafi a BIOS kuma haruffa sun fita daidai.

Na saka ɗan kod a READ na BIOS da ke buga tirak da sakta a heks duk sanda aka kira shi. Tirak 02 sakta FF. Tirak ɗin daidai ne, nan jerin sunayen fayiloli ke farawa, amma sakta FF daga ina? Daga teburin da SECTRAN, mai juya lambar sakta a BIOS, ke dubawa. Na buɗe fayil ɗin da asembula ke fitarwa na duba adireshi, teburin ya sauka a bayan FD80h. Sakta 7 sau 128 bayit 896 ne, wato daga FA00h zuwa FD7Fh, nan faifan ya ƙare wa BIOS waje. Memori na da fili har FFFFh shi yasa asembula bai ce uffan ba, amma duk abin da ya wuce FD7Fh bai ma shiga tirak biyun ba balle a loda shi. Abin da ya kumbura BIOS ɗin bafofi ne da ke tsakiya, DIRBUF mai bayit 128 da ALV mai 31 da CSV mai 16 na kowane faifai, waɗanda babu ruwansu da a loda su, fili kawai suke so. Na kwashe su zuwa can ƙarshe, duk abin da ke da ainihin bayanai ya dawo gaba. Na kuma sa asembula ya riƙa tsayawa da kuskure in ɓangaren da ake lodawa ya haura 380h.

Asabar, 18 ga Janairu

A>

Ya fito. Kibod na aiki, gogewa na aiki. Na buga DIR.

NO FILE

Alhali na san akwai shirye-shiryen PIP da STAT da DDT da ASM da ED da MOVCPM da SYSGEN a faifan nan, a babbar kwamfuta ina ganinsu da cpmtools.

Zargina na farko teburin juya sakta ne. A wannan tsarin fayiloli ba a jere suke a faifai ba, tsallake shida-shida ake yi, 1, 7, 13, 19, 25, 5, 11 haka, saboda a zamanin faifan na juyawa ne, kafin kwamfuta ta gama da sakta guda ta gaba ta riga ta wuce ƙarƙashin kan karatu, in ba a tsallake ba sai an jira zagaye guda cur. Tirak biyun tsarin ne kawai ake karantawa a jere ba a bi ta SECTRAN. A katin SD wannan tsallaken bashi da wani amfani amma dole a bi shi tunda haka aka rubuta faifan. Na kunna buga lambobin READ na sake DIR: 01 07 0D 13 19 05 0B 11 17 03 09 0F 15 02 08 0E, sakta 16 daidai, wato guraben suna 64 kowanne bayit 32. Ba matsala a nan.

Sai na koma DPB, teburin da ke bayyana tsarin faifan, na bi shi lamba-lamba, SPT 26, BSH 3, BLM 7, EXM 0, DSM 242, DRM 63, AL0 C0h, AL1 0, CKS 16, OFF 2. Duk daidai. Na duba ko SETDMA na ajiye adireshin a inda READ ke ɗauka, yana yi. Na tsayar da shi bayan karatun farko na zubo DIRBUF:

00 50 49 50 20 20 20 20 20 43 4F 4D

PIP COM ne zaune a bafa, BDOS ya karanto shi ya duba shi ya ce babu. Gaskiya wannan ya ɗaure min kai sosai, na bar shi haka na kashe.

Alhamis, 23 ga Janairu

Wancan 00 na farkon layin ne amsar, yana gabana tun ranar Asabar. Bayit na farko a kowane gurbin suna lambar mai amfani ce, 0 zuwa 15, in kuma E5 ne gurbin fanko ne. BDOS na nuna maka fayilolin lambar da kake ciki ne kawai, kuma CCP na 2.2 baya nuna lambar a gaban A>, ko kana 0 ko kana 8 iri ɗaya zaka gani. Na buga USER 0 sannan DIR, sai ga su duka sun jeru.

To me ya kai ni wata lamba tun daga tashi? Lokacin da BIOS zai miƙa wa CCP, rijista C ce ke ɗauke da saƙon, rabin ƙasa lambar faifai rabin sama lambar mai amfani. A ƙarshen GOCPM, ɓangaren BIOS da ke yin miƙawar, ana saka 0080h a BC a kira SETDMA, bayan nan ya kamata a ɗauko abin da ke 0004h a saka a C kafin tsalle. Waɗannan layuka biyun basa cikin BIOS ɗin, don haka C ta shiga CCP da 80h, faifai 0 wato A, mai amfani 8. Da a ce wata lamba ce ta daban a rabin ƙasa da tuni ya yi ihun Select na gano shi nan take, amma 80h ta faɗa daidai inda komai zai yi kama da lafiya. Yanzu BOOT na share 0003h da 0004h, GOCPM na ɗaukowa daga 0004h.

Abin da ya ƙara wahalar da shi, STAT USR: zai faɗa maka lambar da kake ciki kai tsaye, amma STAT ɗin kansa yana lamba 0 ba zaka iya kiransa daga 8 ba.

Lahadi, 26 ga Janairu

DIR na aiki, TYPE na aiki, na buga STAT sai komai ya tsaya cak, kuma wannan karon fitilar HALT ta kama. PIP ma haka, DDT ma haka. Duk umarnin da ke cikin CCP lafiya, duk wanda sai an ɗauko .COM daga faifai mutuwa. Kuma READ bai buga ko lamba ɗaya ba kafin ya tsaya, ko neman fayil ɗin bai fara ba.

Babu HALT ko ɗaya a kod ɗina, don haka wani ne ya rubuta shi. Risat, zubo E400h. Inda C3 5C E7 yake a da yanzu F3 76 E7 ne. F3 shine DI, 76 shine HALT.

CCP ne da kansa ya rubuta. Kowane kwafin CP/M da aka sayar yana da lambar siriyal mai bayit shida, kuma tana wuri biyu, ɗaya a cikin CCP a E728h, ɗaya a farkon BDOS daga EC00h zuwa EC05h, shi yasa ma ƙofar shiga BDOS take EC06h ba EC00h ba. Kafin CCP ya loda kowane shiri sai ya gwada biyun, in basu zo ɗaya ba ya rubuta DI da HALT a kan farkonsa ya yi tsalle can, ba saƙo ba komai. CCP da BDOS da na haɗa a faifan nan daga kwafi biyu daban suka fito, kowanne 2.2 ne na gaske kuma an gina shi don 64K, siriyal ne kawai ya bambanta.

Ina ganin hikimar abin a zamaninsa, bayit kaɗan ne ya ci a CCP mai 2K kacal kuma ya yi aikinsa, har yau ma yana yi. Yanzu dai masu haƙƙin CP/M sun ba da izinin a yi amfani da shi a gyara a rarraba, sun ƙara fayyace hakan a 2022, don haka daidaita bayit shidan ba wani abu bane. Abin lura kawai shine wacce lamba za a riƙe, saboda MOVCPM, shirin da ke gina sabon kwafin tsarin, shima yana gwada tasa da ta tsarin da ke gudana kuma zan buƙace shi nan gaba. Ta BDOS ce ta dace da MOVCPM ɗin da ke faifan, don haka ita na kwafa zuwa cikin CCP. STAT ya tashi ya buga sauran filin faifai.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Saura WBOOT. Duk sanda aka danna Ctrl-C ko shiri ya gama ya yi tsalle 0000h, BIOS ne zai sake ɗauko CCP da BDOS daga faifai, tunda an yarda babban shiri ya hau kan CCP ya ci wajensa. Sakta 44 ne, 25 a tirak 0 daga sakta 2, sai 19 a tirak 1. Na danna Ctrl-C, bai dawo ba.

Na sa monita ta gwada memori da kwafin faifan. Daga E400h zuwa EFFFh duk ɗaya ne, daga F000h komai ya bambanta. Na gangara ƙasa ina dubawa sai a F980h na ga C3 da bayit biyu, C3 da bayit biyu, har sau 17, teburin tsallen BIOS ne sak, wanda wajensa FA00h ne. Kenan komai ya matso baya da 80h, an tsallake sakta guda a hanya kuma aka ciko ƙirgen da saktar farko ta BIOS. F000h kuwa daidai wajen tirak 0 sakta 26 ne. A madaukin WBOOT bayan an ƙara ɗaya a lambar sakta ana gwada ta da 26, ya kamata 27, don haka tana kaiwa 26 sai ya sauya tirak bai karanta ta ba. Lodar farko tana da nata madaukin daban mai 27, shi yasa tashin farko bai taɓa nuna wannan ba.

Na gyara, na kuma bar sitak ɗin WBOOT a 0080h yana gangarowa ƙasa, nesa da inda ake saukar da kaya. Ctrl-C yanzu na dawo da A> nan take, PIP ma na fita lafiya.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

WRITE da faifai na biyu. PIP B:=A:*.* ya kwashe komai, na duba a babbar kwamfuta bayit-bayit daidai. Na sauya kwafin faifan B yana kunne na gwada ERA sai ya ce Bdos Err On B: R/O, wannan ba matsala bace, aikin CSV ne, BDOS ya lura jerin sunaye ya canza ya hana rubutu har sai an danna Ctrl-C. Haka ya kamata ya yi.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Yau na gwada abin da tun farko nake hari, tsarin ya gina kansa a kan bod ɗin ba tare da babbar kwamfuta ta taɓa tirak biyun ba. MOVCPM 64 * ya karɓa bai yi ƙorafin siriyal ba, sai SAVE 34 CPM64.COM, sai DDT CPM64.COM. A wannan hoton loda na 0900h, CCP na 0980h, BIOS na 1F80h, don haka BIOS da aka gina don FA00h sai an karanto shi da R2580, loda kuma tunda tawa daga 0080h take farawa R880 ne. Shafi 34 daga 0100h na ƙarewa a 2300h, 1F80h a tara da 380h shima 2300h, iyakar nan ta sakta 7 ce ta sake fitowa ta wata ƙofar. G0, sai SYSGEN, na tsallake tambayar inda za a ɗauko tunda yana memori, na bashi B, ya ce FUNCTION COMPLETE.

Na mayar da faifan B ya zama A na cire wuta na mayar, na danna B a monita. Saƙon BIOS, A>, DIR, STAT, Ctrl-C, duk sun wuce. Na gwada bayit 6,656 na farkon faifan biyu, bambancin kawai a wutsiyar saktar loda ne da ta BIOS inda ba kod, wancan an cike da sifili wannan kuma ragowar abin da ke memori ne.

Abin da ya rage yanzu na SIO ne. In na manna dogon rubutu a taminal haruffa na zubewa, musamman sanda ED ke rubutu a faifai, saboda CONIN na jiran harafi ne kawai sanda aka kira shi kuma SIO haruffa uku yake iya riƙewa. Ko dai in haɗa RTS da CTS, layukan da ke cewa taminal ta dakata, ko in koma katsewa (interrupt) da ƴar bafa a sama da FD80h. Zan fara da RTS don wayoyi biyu ne da layuka kaɗan, kuma bayit 41 kawai suka rage min kafin 380h.